Makullin Motar Baba

Auta tana kan keken ɗinki tana haɗa hannun wata riga, sai inuwa ta tare mata hasken ƙofar shago. Ta ɗaga kai ta ga Maman 'Yan Biyu, maƙwabciyar mahaifinta, riƙe da macen cikin 'yan biyun nata.

Auta ta jawo mata kujera, matar ba ta zauna ba. Ta juya yarinyar, ta ɗage mata hannun riga. Daga kafaɗa har gwiwar hannu wurin ya kumbura ya yi baƙi, fatar ta ɗan saluɓe.

"Me ya same ta haka?"

"Motar Baba ce. Jiya suna dawowa daga makaranta, a kwanar layinmu. Madubin gefe ne ya make ta, ta faɗa kwata." Matar ta rage murya. "Bai tsaya ba, Auta. Kuma ba gudu ya yi ba. A hankali ya wuce ya shiga gida, can ya fito yana gaishe ni, har yana tambayata ina 'yan biyu. Bai san ya yi ba."

Auta ta sunkuya ta sake duba hannun yarinyar.

"Babansu ya so ya je wurin 'yan sanda, ni na hana shi. Na ce mutumin nan ne fa ya kai ni asibiti ranar da zan haife su. Amma ya ce in ya sake ganin Baba a bayan sitiyari, ba zai nemi shawarar kowa ba. Ni ma ban yi barci ba. Da ɗan'uwanta ne a wannan gefen, shi da ya fi ta gajarta, a kai zai same shi."

Bayan sun tafi, Auta ta koma kan keke, ta kasa zura zare a allura.

Mahaifinta tsohon direban tirela ne. Ya yi shekara talatin da wani abu a kan titi bai taɓa taka ko akuya ba, har abokan aikinsa suka sa masa suna Sarkin Hanya. Da ya ajiye aiki ya sayi wata tsohuwar farar mota, ita ce abokiyar hirarsa tun bayan rasuwar Mama. Kullum da safe sai ya buɗe bonet ya duba mai da ruwa, ko ba inda za shi. Mutum ne mai kyauta, amma zuciyarsa a kusa take. Bai cika duka ba lokacin da suke yara, murya ce da shi. In ya daka tsawa a tsakar gida, har kajin maƙwabta sai sun nutsu. Auta ta haura arba'in, amma har yau in ya murtuke fuska sai ta sunkuyar da kai.

Ta kira yayanta a waya, su biyu ne kaɗai 'ya'yan Baba. Yana aiki a wani kamfanin sayar da kayan gini a ɗaya gefen gari.

"Ai na faɗa," in ji Yaya. "Tun ranar da ya goge ƙofar coci da mota na gaya masa idonsa ya tafi. Kin san abin da ya biyo baya."

Ta sani. Yaya ya je a fusace, ya yi magana a gaban mutane, ya miƙa hannu zai zare makulli. Baba ya kore shi, ya ce kada ya sake taka masa gida. Tun daga ranar ko a coci suka haɗu, kowa benci daban.

"Ki bari ya kwanta rana, ki cire wata waya a injin. Shi ke nan, mota ta mutu."

"Yaya, Baba ne fa. Da kunne kawai zai gane wayar da aka taɓa. Kuma in ya gane ni ce, wa ya rage masa?"

"To ki je ki yi masa wa'azi. In ya kore ki, akwai ɗaki a gidana."

Ta rufe shago tun rana ba ta yi ba. Kafin ta fita ta shiga bayan labule inda take ajiye yadudduka, ta durƙusa a kan tarin ƙyallaye. Ta tuna wata magana da Matar Fasto ta taɓa yi musu a zumuntar mata, cewa Yesu bai taɓa ɓoye gaskiya don a so shi ba, kuma da aka zage shi bai rama ba. A lokacin maganar ta yi mata daɗin ji. Yanzu kuwa nauyi ta yi mata.

"Ya Ubangiji Yesu," ta ce, "ka san bakina. In na tsorata shiru nake yi, in aka taɓa ni kuma ina yanka. Yau kada ka bar ni in yi ko ɗaya. Ka riƙe mini harshe, amma kada ka ɗaure shi."

Ta tashi ba ta ji wani ƙarfi ya shige ta ba.

Ta samu Baba a tsakar gida, da bokiti da tsumma, yana goge ƙofar mota. Ta shigo ta gefensa, ta tsaya kusa da shi, kusan har za ta iya taɓa kafaɗarsa. Ta yi niyyar gaishe shi, sai wani abu ya hana ta. Ta tsaya shiru tana kallonsa. Idonsa a buɗe, rana tsaka, ga ta da jar atamfa, amma bai san da mutum a wurin ba. Ya matse tsumma, ya ci gaba da shafa yana 'yar waƙar coci a ƙasan maƙoshi.

Nan take abubuwa suka riƙa dawo mata: tabon da ke ƙaurinsa da ya ce teburi ne ya matso, shayin da ya zuba a gefen kofi, yadda yanzu yake juyo da kansa gaba ɗaya in za a yi masa magana. Duk ta gani, duk ta ce tsufa ne.

"Baba, sannu da gida."

Ya zabura, tsumman ya faɗi. "Ke kuma haka ake shigowa, kamar mage?"

Ta russuna ta gaishe shi, ta tambayi ƙafarsa da barcinsa. Ta ɗauki wani tsumman ta zagaya ɗaya gefen tana taya shi. Madubin yana nan a lanƙwashe, ya manne da jikin ƙofa.

"Baba, madubin nan ya karkace."

"Yaran layin nan ne. Ba sa ganin abu su ƙyale."

Ga mafita ta samu, tana iya cewa haka ne, ta gyara madubin, ta dafa masa abinci ta tafi.

"Ba wasa suka yi da shi ba, Baba. Jiya a kwana ya bugi yarinyar Maman 'Yan Biyu. Ta faɗa kwata. Ba ta karye ba, mun gode Allah, amma hannun ya kumbura."

Ya miƙe tsaye a hankali. Ya juyo da fuskarsa duka gare ta.

"Wa ya aiko ki? Yayanki?"

"Ba wanda ya aiko ni."

"To ƙarya aka yi miki. In na bugi mutum zan ji. Ni za a gaya wa mota? Kina cikin zanin goyo nake hawa da tirela kan tsauni da kaya har wuya."

"Na sani, Baba. Da wannan tuƙin ka ciyar da mu, ka biya mana makaranta. Ba wanda ya isa ya ƙwace maka wannan. Amma na ga hannun yarinyar da idona."

"Da idonki. Wato nawa ya mutu ke nan."

"Ban ce ya mutu ba. Na tsaya a gefenka yanzu, na daɗe, ba ka gan ni ba. Tsoro nake ji. Ina roƙonka mu je asibiti a duba, kafin nan ka ɗan ajiye tuƙi."

Ya jefa tsumman cikin bokiti, ruwa ya fantsamo mata a ƙafa. Muryar nan da ta sani tun tana yarinya ta cika gidan.

"Kun haɗa baki ke da wancan marar kunyar. Kuna so ku zaunar da ni a kujera kamar buhu, ku riƙa ba ni abinci a baki, ku sayar da motar. Ke har kin isa? Ke da kika kasa riƙe gidan mijinki, ke ce za ki zo ki riƙe nawa?"

Maganar ta same ta inda ba ta warke ba. Aurenta ya mutu shekarun baya, bayan dogon jiran haihuwa da bai zo ba, kuma Baba ya fi kowa sanin irin kukan da ta yi a wannan tsakar gidan. Ta ji amsa ta taso mata har bakin haƙora, a shirye, da kaifinta. Mama ta cika ne Baba yana kan hanya. An yi ta nemansa, ya ce bari ya sauke kaya tukuna, ya iso ya tarar an rufe mata fuska. Ba mai ambaton wannan a gidan. Auta ta san in ta faɗa, zai yi shiru nan take. Ta kuma san ba zai sake tashi daidai ba.

Ta danne leɓenta da haƙori har ta ji ɗanɗanon jini. A zuci ta ce, Yesu, riƙe ni.

"Wannan maganar ta yi mini zafi, Baba," ta ce. "Amma ba ita ta kawo ni ba. Ba na son motarka. Kai nake so. Ba na so a wayi gari sunan da ka yi shekaru kana ginawa ya ƙare a kan ɗan wani."

Ya tsaya yana huci. Da ta rama, da ya san abin da zai yi da ita. Sai ya laluba aljihu ya ciro makulli, ya tura ƙofar gida ta buɗe, ya shiga mota ya tayar.

"Zan zagaya gari in dawo. Ki tsaya nan ki ƙirga gawarwakin."

Auta ta dubi titi. Lokacin tashin makarantu ya yi, tana jin hayaniyar yara daga nesa. Ba za ta iya tare mota da hannu ba, in ta tsaya a gabanta ma ba ta da tabbacin zai gan ta. Kafin ta gama tunani ta buɗe ƙofar gefe ta shiga ta zauna.

"Fita."

"In za ka, da ni za ka."

Ya sa giya, suka fita.

Hannunsa bai manta komai ba. Giya na shiga sumul, motar ba ta ko girgiza. Da mutum zai rufe ido, sai ya ce babu direba kamarsa. Amma Auta idonta a buɗe yake. Ta ga yadda tayar gefenta ke bin bakin kwata, saura kaɗan. Ta ga wani mai keke ya kauce da sauri ya dafa bango yana zagi. Baba ya miƙa wuya gaba, yana kallon tsakiyar titi kamar mai leƙe ta cikin bututu.

Ta damƙe gefen kujera da hannu biyu don kada ta kai wa sitiyari cafka. Ihu na cikin ƙirjinta yana neman hanya. Amma ta san mahaifinta, in aka yi masa ihu totur yake takawa.

"Baba, akwai mai baro a damanka," ta ce, kamar mai ba da labari.

"Na gan shi."

Bai gan shi ba, sai da ta faɗa ya juya kai, ya ɗan kauce.

"Yara uku a hagu, za su tsallaka."

"Na ce ina gani."

Amma ya sassauta. Yaran suka wuce da jakunkunansu suna dariya, ba su san komai ba. Auta ta ci gaba, ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da ke titi ba: babur na zuwa ta dama, ga rami, ga wata tsohuwa a bakin hanya, ga kare. Tun yana amsawa da tsaki har ya daina amsawa. Ta lura duk abin da ta ambata sai ya juya kai ya neme shi, kuma kowane juyi fuskarsa na ƙara canjawa. Jijiyar wuyansa ta tashi. Hannunsa ya fara zamewa a kan sitiyari saboda gumi.

"Baba, mu tsaya a gaban shagon can mu huta."

"Ba inda zan tsaya."

Suka shigo titin kasuwa, inda masu kaya suka cinye rabin hanya. Mutane ta ko'ina, babura na kutsawa, wata babbar mota na sauke buhuna. Auta ta rasa wanda za ta fara ambata. Tana cikin gaya masa akwai mai babur a hagu, sai ta ga wata mata ta fito daga bayan babbar motar ta dama, da goyo a bayanta da tiren lemo a ka, ta sa ƙafa a titi tana kallon wani wajen. Baba yana kallon hagu.

"Birki, Baba. Yanzu."

Ba ta yi ihu ba, amma a muryar akwai abin da ya sa ƙafarsa ta bi umarni kafin kansa ya yi gardama. Taya ta yi ƙara. Ƙirjin Auta ya bugi gaban mota. Ta ji wani ɗan sauti, ƙwas, tiren ya tashi, lemo ya watse a kan bonet yana gangarowa. Matar ta ɓace daga gilashi.

Auta ba ta san lokacin da ta fita ba. Ta samu matar a durƙushe a gaban motar, hannu ɗaya a ƙasa, ɗaya ya kai baya ya tallafe goyon. Jaririn ya yi shiru na ɗan lokacin da Auta ba za ta taɓa mantawa ba, sannan ya tsala kuka.

Kafin ta ɗaga matar, mutane sun kewaye su. Wani ya daki bonet da tafin hannu. Wani saurayi mai babur, hular kwano a hannunsa, ya fizge ƙofar direba ya cakumi wuyan rigar Baba.

"Kai tsoho, makaho ne kai? Tun daga kwana nake binka, saura kaɗan ka kashe mai keke. Fito."

"A fito da shi," in ji wasu daga baya. Auta ta ga wani ya sunkuya yana neman abu a ƙasa.

Sarkin Hanya, wanda bai taɓa barin zagi ya kwana ba, yana zaune hannunsa biyu a kan sitiyari, bai ce uffan ba.

Ta kutsa ta shiga tsakanin saurayin da ƙofar.

"Ƙanena, gaskiyarka. Laifinmu ne, ba na kowa ba."

"Anti, matsa."

"Ba zan iya matsawa ba, mahaifina ne. Abin da ka gani a hanya, haka ne, ni ma na gani, ina ciki. Ka yi fushi a kan gaskiya. Ina roƙonka ka sake shi, ka taya ni mu duba matar nan da ɗanta, su ne a ƙasa."

Ya dube ta yana numfashi sama-sama. Ya shirya wa gardama, bai samu ba. A hankali yatsunsa suka saki rigar.

Matar ta miƙe, an kwance goyon ana dudduba jaririn. Ba abin da ya same shi, tsorata ya yi. Ita kuma gwiwarta ta ɗan goge. Da ta tabbata ɗanta lafiya, sai ta juyo kan Auta. Ta zage ta, ta zagi tsohon, ta zagi motar da wanda ya ƙera ta, tana kuka tana nuna ta da yatsa har yana taɓa mata goshi. Auta ta tsaya ta saurara, ba ta katse ta ba, ba ta ce ai ke ma ba ki duba hanya ba, ko da yake maganar ta zo mata. Da matar ta gaji, Auta ta ce, "'Yar'uwa, da ni ce da goyon nan, da na faɗi fiye da haka. Ki yafe mana. Mu je asibiti a duba ku, don hankalinki ya kwanta."

Matar ta share fuska da gefen zani. Ta ce ba sai an je ba. Auta ta durƙusa ta fara tsince lemon daga ƙarƙashin mota da cikin kwata, tana gogewa da zaninta tana mayarwa a tire. Wata mai kayan miya ta taya ta, sai wani ma ya sunkuya. Waɗanda suka fashe ta saye su. Taron ya fara saki, don ba daɗi a ci gaba da yi wa mai durƙuso ihu.

"Ki karɓe makullin daga hannunsa," in ji saurayin, yana sa hularsa.

"Wannan tsakanina da mahaifina ne. Amma ba shi zai tuƙa ta daga nan ba, na yi maka alkawari."

Ta faɗa ne ba ta san yadda za ta cika ba.

Wani mai facin taya da 'yan uwansa suka tura motar gefen hanya, ƙarƙashin wata bishiya. Auta ta koma ta zauna a kujerarta ta rufe ƙofa. Makullin na nan a jikin mota, kusa da gwiwarta. Miƙa hannu kawai za ta yi. Ta sa hannayenta a tsakanin cinyoyinta ta matse.

Wani lemo ɗaya ya maƙale a gindin gilashin gaba.

"Ban gan ta ba," in ji Baba. Muryar ba tasa ba ce, ƙarama ce. "Mai baron ma ban gan shi ba. Da yaran."

"Na sani, Baba."

"Tun bara ne. Kamar ana jawo labule daga gefe da gefe. Kullum in na tashi sai in duba ko ya ƙara matsowa." Ya shafa sitiyari da babban yatsa. "Kakanki haka ya ƙare. A ɗaki, ana jan sa da sanda zuwa bayan gida. Ina yaro ina jin sa yana kiran mutane, kowa ya yi kamar bai ji ba. Ina addu'a Ubangiji ya ɗauke ni kafin duhun ya rufe."

Auta ta juya ta dube shi. Duk tsawon rayuwarta tana tsoron mutumin nan, ba ta taɓa kawowa a ranta cewa shi ma yana kwana da nasa tsoron ba. Ta so ta ce masa ba abin da zai faru, idon zai warke. Ba ta sani ba, don haka ba ta faɗa ba.

"Ban san abin da likita zai ce ba. Amma in ka kira, zan ji. Ko duhun ya zo, ba kai kaɗai zai tarar a ɗakin ba. Yesu bai bar ka a kan tsaunukan nan ba, ba zai bar ka a ɗaki ba. Ni ma ina nan."

Can ya ce, "Abin da na faɗa miki a gida."

"Ya yi zafi. Na yafe."

Ya gyaɗa kai, yana kallon gaba. Ya zare makullin, ya juya shi a tafin hannunsa, ya sa a aljihun rigarsa.

"Ke ba ki iya tuƙi ba," ya ce. "Kira yayanki."

Yaya ya iso a bayan babur, fuska a ɗaure. Tun daga nesa Auta ta ga bakinsa cike da magana. Ta tare shi kafin ya ƙaraso, ta riƙe masa hannu. "Yaya, don Allah. Ya riga ya sani. Kada ka sa shi ya sake ji daga bakinka." Ya dube ta, ya dubi tsohon da ya fito yana laluben jikin mota yana zagayawa ɗaya gefen. Ya haɗiye abin da ya zo da shi. Ya je ya buɗe wa mahaifinsa ƙofa, ya ce, "Sannu, Baba." Baba ya miƙa masa makullin ba tare da ya dube shi ba. A hanyar gida, sau ɗaya Baba ya ce, "Kana cin kuloci."

Da suka sauka Baba ya karɓi makullinsa ya rataye a ƙusar da ke bayan ƙofar ɗakinsa. Yaya ya yi wa Auta raɗa cewa su ɗauke shi. Ta ce a'a.

Makonnin da suka biyo baya ba su yi mata sauƙi ba. Tana ɗinki, in ta ji ƙarar mota irin tasa sai ta taka keke ba daidai ba, ta fito bakin shago tana leƙe. In wayarta ta yi ƙara sai ta fizgo ta da sauri ta duba. Baba kuma ya shiga wani irin shiru. Wata rana ya amsa gaisuwarta, wata rana ya juya mata baya ya ce ita ta karya shi. Takan ajiye masa abinci, ta zauna kaɗan, ta tafi, gobe ta dawo. Da safe yana buɗe bonet ya duba mai da ruwa, ya tayar da injin ya saurara, ya kashe. Maman 'Yan Biyu ta ce mata motar ba ta ƙara fita ba. Ta kuma ce ya shigo gidansu da kansa, ya tsaya a gaban mijinta da hula a hannu, ya nemi ganin hannun yarinyar.

A asibiti likita ta ce hawan jinin ido ne. Abin da ya tafi ba zai dawo ba, amma in ana ɗiga magani kullum ba fashi, ana iya riƙe abin da ya rage. Baba ya tambaye ta ko zai makance. Ta ce ba za ta yi masa alkawari ba, amma da ya ƙara jinkiri da labarin ya fi haka muni. Bai yarda kowa ya ɗiga masa maganin ba sai Auta, wai hannun Yaya kamar na mai sauke siminti.

Wata Asabar ta zo da maganin, ta same shi zaune a kujerar gefen direba, ƙofa a buɗe, makulli a hannunsa.

"Mota in ba ta tafiya lalacewa take yi," ya ce. "Shiga. Can gefen."

"Baba, ni? Ko keke ban iya ba."

"Kina taka keken ɗinki da ƙafa, hannu na wani aikin, ido na wani. Mene ne tuƙi? Shiga, akwai fili a bayan coci."

Ta zauna a bayan sitiyari. Ya nuna mata kuloci da birki da totur, ya sa ta maimaita har ta gaji. Ta murɗa makulli, ta saki kuloci da sauri, motar ta yi tsalle ta mutu.

"Haka ake yi? Wa ya ce ki sake shi kamar kin taka wuta?"

Tsawar ta sa ta ƙanƙame sitiyari. Ta ja numfashi.

"Baba, in kana yi mini tsawa ba zan iya ba. Ka gaya mini a hankali."

Ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

"To. Taka kuloci har ƙasa. Sake tayarwa."